Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Gidan Haya na Biyu da Lissafin Bashi

Makon jiya na tsaya a inda dillali ya kawo mini labarin wani gida mai sassa huɗu da mai shi ke neman sayarwa cikin gaggawa. Abin da ke hannuna bai kai rabin farashin ba. Ko dai in nemi bashi in cika, ko in zuba ido wani ya saya.

Lissafin dillali ɗaya ne, kuma mai daɗin ji. Ya tara kuɗin hayar shekara na sassan huɗu, ya auna da farashin gidan, ya ce duk shekara zan riƙa samun 10 cikin 100 na kuɗina. Na ɗauki wannan lissafi na kai wa Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya daɗe yana kula da gidajen haya na mutane kafin ƙafa ta hana shi zirga-zirga. Ya sa tabarau, ya duba takardar, ya ce, "Ɗana, wannan goman ta dillali ce. Miƙo biro mu nemo taka."

Ya fara da watannin da sashe ke zama babu kowa. Ɗan haya ya tashi, a yi fenti, a gyara ƙofa, a jira wani ya zo. Ko wata ɗaya kacal aka yi a haka, kashi ɗaya cikin 12 na hayar wannan sashe ya tafi. Sai ya cire na gyaran yau da kullum, famfo da wayar wuta da makullai. Ya ware wani kaso daban na babban gyara, irin su rufi da tankin ruwa, waɗanda ba sa zuwa kowace shekara amma ranar da suka zo sai su cinye hayar watanni. Ya cire haraji, da inshora, da ladan wakilin da zai riƙa karɓar haya. Da ya ja layi, goman nan ta koma shida.

"To, yanzu saurara," in ji shi. "Idan bashin da za ka ci yana cin fiye da shida cikin ɗari a shekara, duk abin da ka ranto asara yake ja maka. Daga albashinka za ka riƙa ciyar da gidan."

Wannan magana ita ce ma'aunin da nake bi har yau, kuma ina jin takaicin yadda ba a faɗa wa masu shiga harkar ita tun farko. Kowa na maganar cewa gida daraja yake ƙarawa. Yana iya ƙarawa, amma banki duk wata yake karɓar kuɗinsa, ba ya jiran darajar. Abin da ya faru a Amurka a 2008 ya isa shaida: mutane da yawa sun sayi gidaje da bashin da ruwansa ke farawa kaɗan ya hau daga baya, suna sa ran farashi zai ci gaba da tashi. Farashi ya faɗi, biyan wata ya ƙaru, bankuna suka ƙwace gidajen.

Ni dai tun asali ba na son bashi mai ruwa, don haka na bi bankunan da ke aiki da tsarin Musulunci. Hanya biyu aka shimfiɗa mini. A murabaha, banki ne ke sayen gidan ya sayar mini da ribar da aka yanke tun ranar farko, in biya kashi-kashi, adadin ba ya canzawa. A musharaka mai raguwa kuwa, ni da banki muke mallakar gidan tare. Ina biyan haya a kan kasonsa, ina kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Na ɗauki murabaha, domin ina son in san abin da ke kaina daga farko har ƙarshe. Shi ma ba kyauta ba ne, don haka Kawu ya sa na ɗora shi a kan ma'auninsa, ya ƙara sharaɗi: abin da ya rage na haya bayan an cire komai ya zarce biyan wata da aƙalla rubu'i. Daga baya na tarar masu ba da bashin gidajen haya da yawa kusan wannan tazarar suke nema.

Lissafi bai kai ba. Dole kuɗin da zan fara ajiyewa ya ƙaru, ko farashi ya sauko. Na farkon Yaya ce ta rufa mini asiri, ta shigo da jarinta, muka rubuta kason kowa a gaban lauya duk da ciki ɗaya muka fito. Na biyun kuma injiniyan da na ɗauko ne ya samo shi. Ya hau cikin silin da tocila, ya soka sukudireba a katakon da ke riƙe da rufin, ta shige kamar a cikin soso. Gara ta gama da shi. Ya sa aka rufe duk famfunan gidan, muka tsaya a kan mitar ruwa muna kallo tana juyawa a hankali, alamar bututu na yoyo a ƙarƙashin ƙasa. Da rahotonsa a hannu na koma wurin mai gida, ya rage farashin ba tare da doguwar jayayya ba.

Lauya ya bincika a ofishin rajistar filaye, ya tabbatar sunan mai sayarwa ne a takardun kuma ba a jinginar da gidan ba. Saura sa hannu, sai na nemi a nuna mini yarjejeniyar kowane ɗan haya da rasit ɗinsa na ƙarshe. Uku suka kawo nasu. Na huɗun ya fito da rasit da ke nuna ya biya mai sayar da gidan hayar shekara biyu gaba, alhali babu wanda ya taɓa ambata mini wannan. Yadda muka kwashe da shi da mai gidan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.