Inda aka kwana a aikin Meshtastic ɗina

Jama'a barkanmu da warhaka, ga inda aiki ya tsaya ga masu koyo irina. Meshtastic manhaja ce da ake ɗora wa ƙananan na'urorin rediyo don tura saƙon rubutu tsakanin wayoyi ba tare da sabis ba.

Heltec V3, ɗan rediyon da na sayo don aikin, dai ya tashi. Na ɗora masa manhajar Meshtastic ta kebul daga Chrome, na haɗa shi da waya ta Bluetooth, lamba ce ke fitowa a ɗan gilashinsa ka shigar shikenan. Wajen saitin yanki, wato mitar da rediyon zai yi aiki a kai, na zaɓi EU_868 tunda na mita 868 MHz na sayo, don Allah ku duba wannan kafin ku biya kuɗi, mai 915 da mai 868 ba sa jin juna ko da a ɗaki ɗaya suke. Kuma kar a ba shi wuta ba eriya a jiki, yana iya lalata ɓangaren rediyon.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsayi. A cikin ɗaki bulo da rufin kwano shanye siginar suke, da ƙyar saƙo ke kai ƙarshen layinmu, amma da na ɗaure shi a kan ƙarfen tankin ruwa sai ga saƙo ya faɗa wayar abokina a wata unguwar, ba sim ba data, wallahi sai da na yi kabbara. LoRa, fasahar rediyon da na'urorin ke amfani da ita, so yake eriya ta hango eriya, don haka kafin ka kashe kuɗi a babbar eriya fara neman wuri mai tudu.

Saura wuta. Heltec na da cin batir saboda ESP32, ƙwaƙwalwar da ke ciki, don haka a saman tanki wata na'ura mai ƙarancin cin wuta, RAK4631, zan sa da ƙaramin sola da batir mai caji samfurin 18650, a farin akwati a ƙarƙashin inuwar solar, don ranar Afrilu ba ta raga wa batir.

Rubutu ne kawai fa, haruffa kamar 200, ba hoto ba murya. Amma wanda ya ga yadda aka yanke sabis a Zamfara a 2021 ya san darajar "mun isa lafiya". Tashar LongFast da Meshtastic yake zuwa da ita kowa na iya karantawa, maganar gida ku buɗe taku da makullinta.

Kowace na'ura tana miƙa saƙon wata gaba, saƙo zango 3 yake yi in ba a canza saitin ba, mu biyu kuwa ba mu isa ba. Wa ke da bene a cikinku ya ara mana samansa?