Littafin da na buɗe wa Brooks Koepka

Manyan gasannin golf huɗu ne a shekara: Masters a Afrilu, PGA a Mayu, US Open a Yuni, sai Open ta Birtaniya a Yuli. Da su ake auna ɗan wasa. Ni kuwa tuƙi ne ya haɗa ni da harkar. A Oktoban 2022 na yi ta jigilar baƙi daga Jidda zuwa filin Royal Greens na birnin Sarki Abdullah, inda aka yi gasar LIV, wato sabon rukunin gasannin golf da aka kafa da kuɗin Saudiyya, ɗan wasan Amurka Brooks Koepka ya lashe. Duk hanyar dawowa baƙin nan gardama suke, wai mutumin ya ƙare ko da sauransa. Sai na sayi littafi na ja layi huɗu, kowace gasa da gidanta, shekaru kuma a gefe.

Kofunan ba su ba ni wahala ba. US Open a 2017 da 2018, PGA a 2018 da 2019. Aikin yana cikin gidajen da babu kofi, don ba iri ɗaya ba ne. A golf, bayan kwana biyu ana tankaɗe 'yan wasa, wanda bugunsa ya yi yawa ya tattara ya koma gida. Wannan daban yake da wanda bai je ba sam. Koepka bai buga Masters ta 2018 ba saboda ciwon wuyan hannu, bai buga US Open ta 2020 ba saboda rauni, Open ta 2020 kuwa korona ce ta hana a yi ta gaba ɗaya. In ka bar su duka a fili babu alama, sai ka ɗora wa mutum laifin da ba nasa ba. Don haka kowanne na ba shi tasa alamar: jan biro ga wanda aka tankaɗe, shuɗi ga rashin lafiya, fensir ga gasar da aka soke. Layin 2022 ja biyu ne, a Masters da Open, ka ga baƙina ba a banza suke gardama ba.

Shekarar da ta fi burge ni ita ce 2019, alhali kofi ɗaya ne a cikinta. Ya yi kunnen doki a matsayi na biyu a Masters bayan Tiger Woods, ya ci PGA, ya zo na biyu a US Open bayan Gary Woodland, ya raba matsayi na huɗu a Open. Mai ƙirga kofi kaɗai ba zai ga wannan ba.

Sai batun lokaci. Gabashin Amurka na bayanmu da awa bakwai, gasa kan ƙare wajen ƙarfe biyu na dare a nan Saudiyya. Masters ta 2023 a cikin azumi ta faɗo, na dawo daga tarawihi na zauna da waya da littafi a cinya. Koepka ya shiga zagayen ƙarshe yana gaba da bugu biyu, ya buga 75, Jon Rahm ɗan Sifaniya ya wuce shi da huɗu. Kawuna ya fito neman abin sahur ya same ni ina rubutu.

"Kai yaro, wannan ɗan ƙwallon da ko girman ƙwai bai kai ba ne ya hana ka barci?"

"Kawu, na biyu ya zo."

"To Allah ya kyauta. Ɗora mana shayi."

Bayan mako shida ya ci PGA a Oak Hill, kofi na biyar, kuma shi ne ɗan LIV na farko da ya ci babbar gasa. Ya sake lashe ta Jidda a Oktoban wannan shekarar, amma ita a bayan littafi na rubuta ta, don komai tsokar kuɗinta ba ta cikin huɗun. Har ƙarshen 2025 gidan Masters da na Open babu kofi ko ɗaya.