Kalmar da ta cinye mana yamma guda a Daejeon

Lokacin da nake karatu a Daejeon, can Koriya ta Kudu, akwai wani ɗalibi a lab ɗinmu, wato ɗakin bincike, da na girme shi, hyung yake ce min, wato yaya, shi ne ke kawo min rubutunsa na Turanci in duba kafin ya kai wa farfesa. Ran nan ya rubuta wai saiwar shuka da ƙananan halittun cikin ƙasa "interact each other", na cusa masa kalmar "with" bayan interact na miƙa masa. Sai ya ce hyung, me ya sa? Kuma me ya raba interact da influence?

Na fara bayani da Turanci, ina ta ƙara masa wani Turancin a kai, yana gyaɗa kai amma idonsa bai yarda ba. Dikshinari kuma sangho jagyong ya ba shi a matsayin interact da Koriyanci, kalma ce mai nauyi da suka aro daga Sinanci, ta littafi da jarrabawa, ya haddace ta tun sakandare amma bai taɓa ɗaura ta a kan Turancin ba. Nan fa na tuna mu'amala tamu, ita ma aro ce daga Larabci, amma in kana so yaro ya gane cewa za ka yi suna cuɗanya da juna. Na ce to a gida ya kuke faɗa? Ya ce seoro, juna kenan, sannan ya kawo wadda har yau nake so, jugobatda, a bayar a karɓa, duk a fi'ili ɗaya!

Daga nan komai ya warware. Influence bayarwa ce kawai, hanya ɗaya, interact kuwa saiwa na zuba wa halittun sukari su kuma suna kawo mata sinadaran da take buƙata. Kuskurensa ma ashe da dalili, seoro ba ta neman komai a gefenta, shi ya sa with ke faɗuwa, amma a Koriyanci akwai "wa" da "gwa" masu yin aikin with, sai dai su bayan suna suke zuwa.

Tun ranar na daina gyara masa da jan biro in yi shiru, tambaya nake fara yi, ya ake cewa da Koriyanci? Shi ma ya kama, in na kwafsa a nawa Koriyancin sai ya ce hyung, da Hausa fa?