Lissafi 68

An ci ƙungiyar 'yan matan da nake horarwa yau, 11 da 4, a sofbol, wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda.

Safiyar dai ta fara da daɗi. Layinmu ne na kai wa yara abin taɓawa, Hajiya ta soya cincin tun bayan asuba ta cika roba biyu. Dogo yana hango robar ya ce in dai akwai wannan, shi ko an ci mu ba komai. Bakinsa ya kama. Auta ya ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya, aka same shi a bayan firij, kada a tambaye ni yadda aka yi. Afrilu ne kawai amma gumin Houston, a jihar Texas ta Amurka, ya fara, kafin mu gama ɗumama jiki rigata ta manne.

Abin da ya hana ni kwanciya har yanzu daban ne. Jiya bayan magariba makin 'yata Ummi, mai yi mana jifa, na wannan zangon ya fito a shafin makaranta. Turanci 91, kimiyya 84, tarihin Texas 88, lissafi 68. A nan duk abin da ya gaza 70 faɗuwa ne. Kuma tun watan Fabrairu, kafin in sa hannu a takardar rajistar sofbol, mun zauna a falo ni da Hajiya da Ummi muka yi alkawari: darasi ɗaya ya sauka ƙasa da 70, babu wasa sai an gyara. Ita da bakinta ta ce ta yarda, har da dariya, don lokacin ba ta taɓa ganin maki irin wannan ba.

Ba ni na ƙirƙiro tsarin ba. Tun 1984 jihar Texas ta yi doka, bayan aikin kwamitin da attajirin nan Ross Perot ya jagoranta, cewa ɗalibin da ya faɗi darasi ba zai wakilci makarantarsa a wasa ba sai ya gyara. Da fari mako 6 ake dakatar da yaro, daga baya aka rage zuwa 3. An yi wannan ne a jihar da ƙananan garuruwa kan watse daren Juma'a a tafi kallon ƙwallon 'yan sakandare. Dokar ba ta hau kanmu ba, gasarmu ta unguwa ce, iyaye ke biya, iyaye ke horarwa. Aro na yi na kawo gida.

To yau Ummi ta saka kayanta tsaf, ta ɗaure ɗankwali a ƙarƙashin hular, ta zauna a benci da littafin rubuta sakamako a cinya. Ƙaramar nan da muka fara koya wa jifa kwanan baya ita na tura tsakiyar fili. Wanda bai taɓa gwadawa ba gani yake jifan sofbol wasa ne, tunda daga ƙasa ake sakin ƙwallon. Hannu zai zagaya cikakken zagaye, ƙafa ta yi tsalle gaba, a saki ƙwallon daidai ƙugu, ta tafi ƙafa 40 ta ratsa tsakanin gwiwa da ƙirjin mai riƙe da sanda. In aka saki da wuri ta bi ƙasa, in aka makara ta tashi sama. Jifa huɗu marasa kyau, mai bugu ta wuce zuwa tashar farko kyauta. Haka yarinyar nan ta yi ta raba kyauta. A zagaye na uku na ga tana share ido da bayan safar hannu. Da suka fito, Ummi ce ta ajiye littafin ta je ta kama yatsunta tana gyara mata riƙon ɗinkin ƙwallon. Ban ce mata ta yi ba.

Bayan an tashi, baban mai cafe mana ƙwallo ya tsaya a jikin wayar shinge yana jirana. Mutum ne mai kirki, shi ke zuwa da sassafe ya ja layin farar ƙasa. Ya ce, “Koci, ba na shiga harkar gidanka. Amma hukuncin gidanka yara goma ne suka sha shi yau.” Na ce na ji. Ya dafa kafaɗata ya tafi.

A mota babu wanda ya yi magana sai da muka hau babbar hanyar Beltway 8. Auta ya yi barci. Can Ummi ta ce, “Baba, in yi tambaya?” Da Hausa ta faɗa, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta juyawa Hausa zalla sai tana so magana ta shiga.

Na ce, “Yi, Uwata.”

“Ka duba makin Mariya?”

“A'a.”

“Na Sofiya fa?”

“Ni ba ubansu ba ne.”

Ta yi shiru kaɗan. “Amma kai ka ce in mun shiga fili duk ɗaya muke a wurinka. Ka ce kada in ƙara ce maka Baba a gaban yara. Da wani ne kocin, da yau na yi jifa.”

Na ce da wani ne kocin, da ko filin ban kawo ki ba.

“Ai da ka bar ni a gida ya fi. Da na zauna na yi lissafin.”

Na dubi Hajiya, ita kuma ta mai da kai taga tana kallon motoci kamar yau ta fara ganinsu.

Na kawo mata zancen ƙungiyar sofbol ta jami'ar Oklahoma, don na san nan ne lagonta. Bangon ɗakinta cike yake da hotunan 'yan matan jami'ar, waɗanda suka ci kofin ƙasa sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024. Ta san cewa a gasar Olamfik ta Tokyo Japan ta doke Amurka 2 da 0 a wasan ƙarshe, ta san ba a yi sofbol a Faris ba, ta san a 2028 a birnin Oklahoma za a buga, har ta sa ni na yi alkawarin za mu tafi a mota. Na ce mata hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ba ta barin kowa ya taka fili a rukuni na ɗaya sai ya kammala manyan darussa 16 da matsakaicin maki 2.3 cikin 4, kuma lissafi na ciki. Hannu komai ƙarfinsa ba ya tsallake wannan.

Ta ce, “Daga aji tara ake fara ƙirgawa, Baba. Ni ina aji bakwai.”

Yarinya ta riga ta bincika. Na ƙara ƙarar rediyo.

Ina nan kan bakana, in ma wani zai tambaya. An yi alkawari a gaban uwarta, kuma ranar farko da aka gwada shi ita ce ranar da za ta gane ko maganar ubanta magana ce. In na ɗaga yau saboda muna buƙatar mai jifa, na koya mata cewa doka tana aiki ne kawai ran da ba a buƙatar mutum. Na sha ganin haka a filayen nan. Yarinya tana da hannu, sai kowa ya rufe ido, iyaye su zuba kuɗi a ƙungiyoyin da ke yawo gari gari kowane ƙarshen mako, aikin gida a yi shi a kujerar bayan mota ko kada a yi. Kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa jami'a da wasan. Sauran sukan tsaya da ciwon kafaɗa da kofunan roba a kan kanta.

Amma tambayarta ta tsaya mini a wuya. Baban Mariya in ya ga maki ya faɗi, iyakarsa ya karɓe waya ko ya hana fita. Ni kaɗai ne uban da ke riƙe da takardar jerin 'yan wasa. Ummi ce kaɗai a ƙungiyar da ubanta zai iya hukunta ta a gaban ƙawayenta da iyayensu, da rana tsaka, tana sanye da lamba a baya. Na ce ta zo ta zauna ne don ta tsaya wa ƙungiyarta, haka ake yi ko da mutum ya ji rauni. Ita kuwa abin da ta gani, an kawo ta ne kowa ya tambaya me ya faru. Kuma an tambaya. Na ji wata uwa tana tambayar Hajiya ko hannun ne ke ciwo. Sannan ga ƙaramar da ta yi kuka a tsakiyar fili, wadda ba ta faɗi komai ba, ba ta yi alkawari da kowa ba.

Da muka iso gida ta miƙo mini littafin ba tare da ta kalle ni ba. Na buɗe, sai ga shi a gefen kowane suna ta fitar da ƙimar bugun yarinyar na kakar bana da fensir. Sofiya bugu 7 cikin 20, ta rubuta 0.350. Duk ta yi su a benci, babu waya, babu kalkuleta. Gwajin da ya ja makinta ƙasa kuwa a kan kaso da rabo ne. Na bi ta har ƙofar ɗaki na tambaye ta yaya aka yi. Ta ce ranar gwajin ta karanta tambaya ɗaya sau uku ba ta shiga ba, idonta yana rufewa.

Bayan isha Hajiya ta zauna bakin gado tana linke kaya. “Abban Ummi, ran Laraba ƙarfe nawa kuka shigo gidan nan?” Na ce wajen tara. “Gwajin kuma yaushe ne?” Alhamis. Na ce ai ba ni ke raba lokaci ba, ƙungiyoyi sun fi filaye yawa, bakwai zuwa takwas da rabi aka ba mu, ko mu karɓa ko mu rasa. Ta ce ita ba ta ce komai ba, lissafi kawai take yi tunda yau ranar lissafi ce. Litinin darasin jifa, Laraba atisaye, Asabar wasa, Lahadi Islamiyya da hadda, ga jarrabawar STAAR ta jiha ta ƙarato. “Taura biyu ma ba ta taunuwa, kai ka ba yarinya huɗu.” So take a ajiye darasin Litinin har a gama jarrabawa. Ummi kuwa baɗi za ta koma jifa daga ƙafa 43, malamar ta ce yanzu ne lokacin gina hannun. Ba mu tsai da magana ba.

Gwaggo ta kira daga Katsina, ta ce a ba ta takwararta. Na ji Ummi tana dariya a ɗaki. Da ni dai tun mota ba a yi ba.

Malamin lissafi ya ce za ta iya sake gwajin ran Talata, amma ko ta cinye duka 70 zai rubuta. Ya isa. Gobe bayan Islamiyya za mu zauna, ina tunanin in ɗauko littafin nan mu fara da shi kafin takardun makaranta. Dole kuma in kira uwar ƙaramar nan in ji ya ta kwana.

Akwai wasan ramuwa ran Alhamis da waɗanda ke saman tebur. Dogo ya turo saƙo yana tambaya wa za ta yi jifa, na ce ya jira Talata.