Hunturun Jos da gam ɗin siliki: abin da ba a koya mini a Abuja ba

Gam ɗin da muke ɗora siliki da faiba (siraran ƙyallaye da ake manna wa farce don ya yi ƙarfi) da shi a farce ba irin jan farce ba ne da iska ke busarwa. Danshi ne ke sa shi ya kama. In babu danshi a iska, sai ya zauna a kan farce yana ƙyalli, ke kina jira, kwastoma na kallon agogo. Wannan magana ba ta kai minti biyu a faɗe ta ba, amma na gama koyon aiki, na biya kuɗi, na karɓi takarda, ba wanda ya taɓa faɗa mini. Har yanzu abin na ci mini rai.

A wani shago ta wajen Wuse na koya, cikin damina. Can aikin ba ya gardama: shafa, ɗora, danna da leda, ɗan feshin aktibeta, wato ruwan da ke sa gam ya kama da sauri, shi ke nan. Da na dawo Jos na kama ɗan shago kusa da Terminus, watannin farko ma haka, don ruwan Jos kowa ya san shi. Har na fara suna a wajen masu tsagaggen farce, waɗanda ba sa son nauyin akirilik (farcen roba da ake ginawa a kan na asali) da warinsa.

Sai Disamba ta shigo da bukukuwanta. Ƙawayen wata amarya daga Bukuru suka yi mini magana, auren coci ne ranar Asabar, suna son siliki a kan nasu farcen, ba ƙari, ba launi mai hayaniya. Suka zo ranar Alhamis da sassafe, kowa cikin rigar sanyi, yatsu sun ƙandare. Na buɗe gam na ga ya yi kauri. Na shafa a kan ƙyallen, maimakon silikin ya jiƙe ya ɓace yadda ya saba, sai zarensa ya tsaya fari-fari ana gani. Na ƙara gam. Bai kama ba. Na matso da kwalbar aktibeta dab da yatsan na fesa sosai. Yarinyar ta fizge hannu ta ce, "Wayyo Anti, wuta!" Na ce, "Yi haƙuri ƙanwata, yanzu zai wuce." Zafin ya wuce, farcen ya bushe, na goge ya yi sheƙi, suka biya suka tafi.

Ranar Juma'a da yamma hotuna suka fara shigo mini a WhatsApp. Wani farcen ya yi hazo kamar an busa masa gari, wani ya tsattsage a tsakiya, wasu gefensu ya ɗaga yana kama mayafi. Daren nan a shago na yi shi da fitilar caji, ina jiƙa yatsu a asiton, ruwan da ke narkar da gam, kuma kuɗinsu na mayar cas. Ba kuɗin ne ya fi yi mini ciwo ba. A Jos, ƙawayen amarya su ne tallarki, kuma su ne masu kashe miki kasuwa.

Wata dattijuwar kwastomata mai koyar da kimiyyar sinadarai ce ta warware mini. Ta juya kwalbar ta karanta bayanta, ta ce, "'Yata, ai wannan ɗan'uwan sufa-gulu ne." Sinadarin sunansa sayano-akirilet, wani Ba'amurke, Harry Coover, ya fara cin karo da shi a 1942. Ɗan ruwan da ke cikin iska da wanda ke saman abin da aka shafa masa shi ke tayar da shi ya daskare. Ya fi jin daɗin aiki idan danshin iska na tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, alhali hunturu kan sauko da shi ƙasa da 20. Ga Jos a kan tudu, wajen mita 1,200, sanyin asuba na ƙara wa gam kauri da nawa. Ni kuma kafin in fara sai da na goge faratan da sinadarin busarwa har sau biyu, wai ina tsafta, na kwashe ɗan danshin da ya rage.

Zafin da yarinyar ta ji kuwa daga daskarewar ne. Gam in yana kamawa zafi yake fitarwa. Idan siriri ne kuma a hankali yake yi, ba a ji. Idan kin tula shi da kauri kika watsa masa aktibeta daga kusa, duk zafin sai ya fito lokaci guda, samansa ya ƙame cikinsa bai gama ba, ya zama mai gautsi. Da ta sa hannu a ruwan ɗumi, farcen asali ya sha ruwa ya ɗan buɗe, na saman ba ya lanƙwasa, sai tsagewa.

Yanzu daga Nuwamba zuwa Fabrairu aikina daban ne. Kwalbar gam a aljihun rigata take kwana da safe har ta ɗauki ɗumin jiki, ba na kai ta kusa da wuta. Ina rufe ƙofa saboda ƙura, in ajiye kwanon ruwan zafi a gefen tebur. Shafi uku sirara sun fi guda ɗaya mai kauri, kuma feshi daga nesa, kamar taƙi guda, santimita 20 ke nan, sau ɗaya tak. Wadda fatarta ba ta da juriya, aktibeta na burushi nake sa mata. In kwastoma ta ce zafi, ba na cewa ta daure. Tsayawa nake yi.

A wannan lokacin faiba na fi ɗauka. Saƙarsa a buɗe take, gam na ratsa shi ko da ya ɗan yi kauri, kuma ya fi ƙarfi. Siliki saƙarsa a matse take, sai gam mai ruwa-ruwa, amma in ya zauna daidai ba mai cewa an sa wani abu. A kan farcen da ya sha lalle kuwa ba a magana, jan na fitowa ta ƙasa tas. Sai dai lallen ne farko, a wanke, a bushe, sannan a zo wurina. Musulmai kuma ina faɗa musu tun kafin su zauna cewa ruwan alwala ba ya ratsa shi. Shi ya sa yawancinsu sukan zo a kwanakin da ba sa salla, su dawo a cire, tunda asiton na narkar da shi da sauri fiye da akirilik.

Sauran ƙa'idodin aikin su ne: kada yatsa ya taɓa ƙyallen saboda maiƙo, a ɗauka da hantsaki, a bar tazarar kamar milimita 1.5 daga fata, a dawo bayan mako biyu a ƙara gam. Auduga kada ta kusanci ɗanyen gam, zafi take yi har ta yi hayaƙi. Gefen da ya ɗaga kuma ba a manne shi a kan ruwa, ƙwayar cuta ke shiga ta mayar da farce kore. Mai neman dogayen farata ko mai yini cikin wanki, ina gaya mata gaskiya wannan ba nata ba ne.

Abu ɗaya ne na ƙi sassautawa. Cikin hunturu ba na karɓar taron biki kafin ƙarfe 11 na safe, sai rana ta ɗaga. Wata Hajiya ta roƙe ni in buɗe wa 'ya'yanta ƙarfe 7, har da ƙarin kuɗi. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ko ninki biyu ne ba zan taɓa ba." Ta tafi wani shagon, ni kuma ban kira ta ba.