Wasiƙa daga Birmingham: aikin jinya a bayan dandalin mawaƙa

Zuwa ga 'yan uwana na Zazzau,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya zafi, ya kuma hidimar gida?

Ranar da na gaya wa Inna cewa wasu ranakun hutuna ina zuwa aikin sa kai inda mawaƙa ke wasa, shiru ta yi a waya, can ta ce, "Ke da kika tafi jinya, me ya haɗa ki da kiɗa?" Gaskiya waƙar ma ba ma jin ta sosai. Muna can gefe cikin tanti da gadaje, tukunyar iskar shaƙa da kwalaben ruwa, ƙarar ganga kawai ke girgiza ƙasa a ƙarƙashin ƙafarmu.

A Ingila babban taro ba ya yiwuwa sai mai shirya shi ya nuna wa hukuma tsarin lafiyarsa. Bikin Glastonbury, da ake yi a wata gona a Somerset, yana tara mutum kusan 200,000, kuma likitoci da nas-nas 'yan sa kai na ƙungiyar Festival Medical Services ne ke kula da su. Ni nawa tarukan ba su kai haka ba. Yawancin waɗanda ake kawo mana ba wani ciwo mai ban tsoro ba ne: yarinya ta tsaya tun azahar don ta samu sahun gaba, ba ci ba sha, ta yanke jiki ta faɗi, mai asma ya bar abin shaƙarsa a gida, targaɗe, sai waɗanda suka sha abin da ya fi ƙarfinsu. Ba a yi musu wa'azi a tanti, a kwantar da su ta gefe, a zauna kusa.

Abin da ke hana ni sakin jiki shi ne cunkoso. Mu kan ce an tattake mutane, amma da yawansu a tsaye suke mutuwa. Jama'a ta matse ta gaba da ta baya, ƙirji ya kasa buɗewa, numfashi ya tsaya, mutum kuma ba shi da ko iskar da zai yi ihu. Haka mutum 10 suka rasu a bikin Astroworld a Houston a 2021. A Disambar 2022, wajen wasan mawaƙinmu Asake a Brixton ta Landan, mutum biyu suka rasu sanadin turereniya a ƙofa. Gida ma ba mu manta yara 35 da suka rasu a Ibadan a Disambar 2024 ba. Shi ya sa idanunmu suna kan shingen gaba. In ka ga taro yana tangaɗi gaba ɗaya kamar dawa a iska, ba wanda ke iko da ƙafarsa, to lokacin tsayar da wasa ya yi, ko ran mawaƙi zai ɓaci.

Duk sanda na tsaya a wurin, ƙofar fada nake tunawa ranar hawan sallah. Rana tsaka, ƙura, dawakai na jahi, 'yan bindiga na harbi, tsofaffi da goyo duk a matse. 'Yan agajinmu na Fityanul Islam, na Izala da na Red Cross sun daɗe suna wannan aiki cikin kaki, ba ko sisi, tun kafin in san Birmingham. Ban zo koya musu jajircewa ba. Abin da na ga ya rage shi ne rumfa guda da kowa ya san wurinta, da nas a ciki, da hanyar da aka bari fili don motar asibiti. Daga cikin birni zuwa asibitin koyarwa na Shika tafiya ce, sai an wuce Samaru. Asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan ya fi kusa, kuma ya kamata direba ya san inda zai nufa tun kafin a buga tambari.

Ina roƙonku abu uku. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa a baki, zai iya sarƙe shi. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, in yana numfashi a juya shi ta gefe. Mai farfaɗiya kuma kada a cusa masa cokali, kada a danne shi, a kare masa kai kawai har ta lafa. In ta wuce minti biyar, asibiti. In ko numfashi ya tsaya, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, kada a daina har taimako ya iso.

Ƙannena masu karatun jinya, ku samu shugabannin 'yan agajin unguwanninku kafin sallah mai zuwa, ku ce a ba ku rumfa. Masu shirya wasan mawaƙa da gidajen dambe a Sabon Gari da Samaru, in kuna lissafin kuɗin janareta ku sa na ruwan sha.

A gaida mutanen Tudun Wada, a gaida su Inna da Baffa.

'Yar uwarku,
daga Birmingham