Godiya: Auta ya dawo gida, idon yana gani

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallame mu jiya da la'asar. Auta yana gida, an cire bandejin, ɗazu ma daga bakin zaure ya karanta mini lambar mota da idon nan da ruwan soda ya ji wa ciwo. Kwana tara ban yi barcin kirki ba, don haka duk wanda ya kira ban ɗaga ba ya yi mini afuwa.

Kun dai san duk a kan bambar Volvo 244 ɗin marigayi Baba ne, kuma ni na matsa. Hajiya ta ce a motar da aka kai yayyenta za a kai Ummi ɗakin miji, ni kuma na kasa jure ganin bambar nan ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata toka. Tun 1993 kamfanin ya daina ƙera irinta, sau biyu muna zaga kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ba mu ga wadda ta fi tamu ba. Gwangwanin folish biyu muka ƙarar, ko gezau. Sai Baba Fenta ya fahimtar da mu cewa alminiyom ce, kuma tun daga kamfani an yi mata wani siririn rufi mai tauri da wutar lantarki. Rufin ne ya tsufa ya dusashe, folish kuwa a samansa kawai yake zamewa. Sai an cire shi da soda, irin ta masu haɗa sabulu, a bi da samfefa da ruwa tun daga mai kaushi lamba 400 har mai laushi lamba 2000, sannan a yi maganar ƙyalli. Ya ce kada sodar ta daɗe a kai, don har alminiyom ɗin take ci, kuma mu sa safar hannu da tabarau. Safa muka saya. Tabarau ni na ce ba sai an sa ba. Na faɗa wa Hajiya laifina ne, ga shi ina faɗa a nan ma.

Ihun da Auta ya yi lokacin da burushi ya watsa masa ruwan sodar, har yanzu ina jin sa in na rufe ido. Ya durƙusa ya dafe fuska yana kiran "Yaya! Yaya!", ni kuwa na ƙame kamar an dasa ni. Mutane suka taru, wannan na cewa a kawo madara, wancan na cewa manja. Sai ga wani ɗan garuwa ya tsayar da kurarsa a tsakiyar layi, ya ratsa mutane, ya kwantar da yaron, ya ce da ni: "Alhaji, buɗe masa idon da yatsa, kar ka saki." Ya dinga tuttula ruwa, jarka ta ƙare ya ɗauko wata, Auta na fizge-fizge shi kuwa bai fasa ba, har kurar ta zama wayam. Likitan ido ya ce soda ta fi ruwan batir ɓarna, domin ci take yi tana ƙara shiga ciki, kuma bayan ikon Allah ruwan nan da aka zuba nan take shi ya tsare idon. Da na waiwaya in ba shi ko kuɗin ruwansa, ya tura kurarsa ya tafi. Mutum ne dogo, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Don Allah wanda ya san shi a unguwar nan ya kawo mini shi gida.

Na san ba a son tallan alheri, amma yau ba zan iya shiru ba. Oga Dogo mai walda, kai ka bar aiki ka kai mu asibiti, ka kwana biyu a kan benci. Inna mai ƙosai, kullum da asuba kunu na zuwa. Malaman jinyar dare, da matasan masallacinmu da suka haɗa kuɗin magani ban roƙa ba. Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya tsare idanunku da na zuriyarku, ya raba ku da tsautsayi, ya jiƙan iyayenku, ya haɗa mu da Baba a Aljanna Firdausi. Ɗan garuwan nan kuwa, Allah ya shayar da shi daga Alkausara.

Su kawu da suka ce tun farko a sayar wa ʼyan gwangwan a raba kuɗin, ba mu ga ƙeyarsu a asibiti ba, ko waya. Na dai ji ana tambayar ranar ɗaurin aure. Ba komai, Allah ya kawo su lafiya.

Baba Fenta ya ƙarasa bambar gaba da hannunsa muna asibiti, har fuskarka kana gani a jiki. Ya ce tunda rufin ya tafi, sai an riƙa goge ta da folish lokaci-lokaci. Ta baya tana nan yadda take, domin Hajiya ta rantse soda ba za ta sake shiga gidanta ba. Ranar kai amarya in kun ga mota gaba na walƙiya baya na toka-toka, mu ne.